Zoɓo a Ƙasar Daura: Asalinsa da Yaɗuwarsa

Zoɓo, wanda wasu ke kira zoɓorodo ko soɓorodo, jan abin sha ne mai tsami da ake yi da busasshen kwanson furen yakuwa. A Masarautar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, ana noma shi da damina, galibi a gefen gona ko a tsakanin kunyoyin gero da gyaɗa, a girbe shi da kaka. Yana jure ƙasa mai yashi da ƙarancin ruwa, shi ya sa ya karɓi wannan yanki na bakin iyaka, har zuwa Magariya da Matamaye a ƙasar Damagaram.

Masana ba su haɗu a kan inda aka fara shuka shi ba. Masanin tsirrai Matthias de l'Obel ya bayyana shi a Turai a 1576, Linnaeus kuma ya raɗa masa sunan kimiyya Hibiscus sabdariffa a 1753. Littattafai da dama, ciki har da na Julia Morton na 1987, sun ce asalinsa daga Indiya ne zuwa Malesiya. George Murdock, a littafinsa na 1959 kan al'ummomin Afirka, ya sa shi cikin amfanin gonar da aka fara nomawa a Afirka ta Yamma, wajen mafarin Kogin Kwara. Wasu kuma sun karkata ga yammacin Sudan. Hujjar masu cewa Afirka ta fi ƙarfi, domin a nan ne danginsa na jeji suke da yawa, kuma a nan ne ba a zubar da komai nasa. Jiragen cinikin bayi ne suka ƙetarar da shi teku, inda ya zama abin shan Kirsimeti a Jamaika, ya kuma samu gindin zama a Meziko.

Gardamar da ta fi zafi ba ta masana ba ce. Senegal na taƙama da bissap, Sudan da Masar da karkade, Gana da sobolo, kowa na ganin nasa ne na asali. Inda ake samun ruɗani shi ne haɗa tarihin shukar da na abin shan, alhali ba ɗaya ba ne. A ƙasar Hausa yakuwa abinci ce tun fil'azal. Ganyenta na shiga miya da fate, farin zoɓo ana miya da shi, 'ya'yan kuwa, wato gurguzu, da su ake yin daddawar batso, wadda ƙauyukan Daura da na Nijar ba su rabu da ita ba har yau. Shi kuwa zoɓo mai zaƙi da sanyi sai da sukari ya wadata a kasuwa, firji da leda suka shigo gari, sannan ya zama abin sayarwa. Don haka babu wani gari, ko Daura ko Kano, da zai iya nuna ranar da aka ƙirƙiro shi. Abin da ba a musu a kansa shi ne daga Arewa ya gangara Kudu, kuma da sunansa na Hausa ake kiransa a Legas da Onica.

Matan aure na cikin gida ne suka raya sana'ar. Mace za ta wanke zoɓon ta fitar da yashi, ta tafasa shi da citta da kanumfari, wani lokaci da ɓawon abarba, ta tace da rariya, ta zuba sukari, ta ƙulla a leda ko ta ɗura a robobi. Wasu kan jefa 'yar kanwa don rage tsami, kodayake takan sa launin ya yi duhu. Yara su ɗauka a kula zuwa ƙofar makaranta da tasha. Kasuwarsa ta fi ci da azumi, musamman idan ya faɗo a bazara, da lokacin Sallar Gani, sa'ad da Daura ke cika da baƙi masu kallon hawa. Lemon kwalba irin su Coca-Cola, wanda aka fara sarrafawa a Legas a 1953, bai kore shi ba, don kuɗin kwalba ɗaya kan isa a shayar da yara da yawa zoɓo.

Daurawa mazauna nesa kuwa na kewar zoɓon gida. Abin da suke tunawa shi ne zoɓon leda mai ƙanƙara da ake huda kusurwarsa da haƙori, harshe ya rine ja, da wanda ake rabawa a gidan suna. Da yawansu kan yi ƙorafin cewa na birni ya cika filebo, citta ta yi ƙaranci, kuma ƙorafin yana da tushe. Shi ya sa ake aika musu busasshe daga gida, tare da kuka da daddawa.

A 'yan shekarun nan zoɓo ya zama hajar fitarwa waje. Dillalai na saye da tiya a ƙauyuka, su tara buhu-buhu a kasuwanni irin su Mai'adua da Maigatari ta Jigawa, a kai Kano a tsince a gyara, daga nan sai tashar jiragen ruwa ta Legas. Meziko na cikin manyan masu saye. Manomi ya samu kuɗin kaka da bai saba gani ba, amma mai zoɓon leda yanzu tana gogayya da 'yan kwantena a kan tiya ɗaya.