Igiyar Gwauro a Ƙasar Ungogo

Kafin talabijin ta shigo ƙauyukanmu, kafin kaset ɗin bidiyo da gidan kallo, babban wasan ban dariya sau ɗaya yake zuwa a shekara, kuma tauraronsa shi ne mutumin da ba shi da mata. Idan azumi ya kwana goma, marmari ya wuce, wuya ta kama, sai yara su fito tashe bayan an sha ruwa. 'Yan mata su kifa ƙoƙo a ƙwaryar ruwa suna kaɗawa, ɗaya ta zura rigar wanta ta zama miji, su yi Mairama da Daudu, suna koya wa juna zaman aure tun ba su isa ba. Samari su manna auduga a haɓa su zama tsofaffi, ko su rataya ƙullin saiwoyi su zama Jatau mai magani. Duk wannan share fage ne. Abin da gari ke jira shi ne dare ya raba, a ji ganga da ƙaho sun doshi ƙofar gwauro.

Dalilin da manya ke bayarwa ba shi da wuyar ganewa: mai iyali matarsa za ta tashe shi sahur, gwauro fa, wa zai tashe shi? To, ga samarin gari sun ɗauke masa wannan nauyi. Sai dai tashin ba na tausayi zalla ba ne. A birnin Kano abin har sarauta gare shi, ta Nalako, sarkin gwagware, wanda ke fita da warki da igiya da makaɗa, yana bin unguwanni yana kamo mazan da aurensu ya mutu, a rataya musu muciya da ludayi da mara, kayan girkin da rashin mata ya tilasta musu riƙewa, a zaga da su har ƙofar fada. Mu a ƙauye ba mu da fada sai ƙofar gidan mai unguwa, amma igiyar iri ɗaya ce, kuma a wurinmu ba a cika tantance gwauro da tuzurun da ya daɗe ba. Duk wanda gemu ya fito masa yana cin tuwon gidan wansa, igiya tana iya hawa kansa.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa wannan wasa ya yi ƙarfi haka a wajenmu, kuma na tsaya a kan ƙasa. Ungogo tana cikin karkarar da ta kewaye Kano, inda gida ke kallon gida, gona ke jingine da gona, ba daji, ba saura. Tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya hau a 1819 ya mai da Fanisau ribaɗi, ake tara mutane a wannan yanki suna noma gandaye. A can Fanisau ɗin ne Baturen nan Clapperton ya je ya gaishe shi a 1824. Da jirgin ƙasa ya iso Kano aka buɗe cinikin gyaɗa a 1912, sai kowane taƙi ya zama kuɗi. Lokacin da Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka fitar da rahotonsu kan gundumar Ungogo a 1965, abin da suka tarar shi ne abin da kakanninmu suka sani: ana noma gona kowace shekara ba hutu, jakuna suna kai itace birni su komo da mangalar taki. Gonar da uba ya bari, 'ya'ya maza su raba, jikoki su sake rabawa. Saurayi yana cikin gandun ubansa, abin da ya mallaka gayauna ce da yake nomawa da yamma. Daga wannan gayauna ake son ya fitar da toshi, da kuɗin na-gani-ina-so, da gaisuwar iyaye, da sadaki, da lefe. Wanda ya kasa, azumi na zuwa sai a kaɗa masa ganga.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikin waɗanda suka kasa, kuma shi ne mutumin da ya fi kowa ba ni dariya a duniya. Allah ya ji ƙansa. Yana ƙarami mahaifinsu ya rasu, gonar ta kasu tsakanin maza biyar, rabonsa bai wuce abin da mutum zai nome kafin azahar ba. Da rani yakan bi jakin wansa zuwa birni da itace. Inna ta ce tun yana yaro ba ya iya ganin mutum bai kwaikwayi tafiyarsa ba, har malamin allonsu ya gaji da dukansa. Amma a gaban 'yan mata bakinsa mutuwa yake yi.

Zancensa na farko da ake ba da labari, wata yarinya ce mai tallan dafaffiyar gyaɗa a dandali. Ya ari riga wurin wansa, ya ari keke Rali wurin wani abokinsa, ya shafa turaren Bintu Sudan da ya roƙo, ya je ƙofar gidansu ya aika yaro ya yi sallama da ita. Ta fito da fitilar ƙwai da tabarma. Bai gama gaisuwa ba sai ga ƙanen mai keke a guje, ya tsaya a kansu ya ce, “Yaya ya ce ka ba shi kekensa yanzu, kuma ka biya kuɗin facin da ka ce za ka biya.” Yarinya ta rufe baki da mayafi. Kawu ya miƙe zai ba da keke, gefen rigar ya maƙale a feda ya yage har ƙasa. Ya koma gida a ƙafa, ya kwana yana tunanin abin da zai gaya wa mai riga. Bai sake bi ta wannan lungu ba sai da aka yi mata aure.

Na biyun ba abin dariya ba ne a lokacin da ya faru, ko da yake daga baya shi ne ya zama wasansa mafi daɗi. Ya nemi wata yarinya a wani ƙauye wajen Rangaza, ita ma tana son sa, uban kuma ya nuna ya yarda. Damina bayan damina yana gayyo abokansa su yi wa surukin noma, firi da maimai, ba ya karɓar komai sai fura. Sai farin 1973 ya zo, gero ya ƙone a tsaye, ɗan abin da ya tara na sadaki ya tafi a awon hatsi. Uban ya ce a jira. Ana cikin jira aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji a 1975, birni ya cika da sababbin kekuna da babura da rediyo. Wani masinjan ofis ɗan garinsu yarinyar ya dawo gida da babur da rediyo mai kaset. Ba a yi wata biyu ba aka sa rana. Kawu ya ji labari ne a bakin mai kai goron ɗaurin aure, wanda bai san shi ba, ya miƙa masa nasa. A wannan shekara ce kuma cuta ta kashe gyaɗar Kano, wadda ba ta sake komawa yadda take ba. 'Yan'uwa suka haɗa masa aure da wata bazawara don ya huce, ba a kai ga kaka ba ta ga rumbu wayam ta tafi gidansu. Ya zama gwauro cikakke, na igiya.

Ina yaro lokacin, amma ina tuna daren da aka je kama shi. Al'ada ita ce gwauro ya ɓuya, ko a rumbu ko a bayan danga, a zaƙulo shi ana ihu. Kawu bai ɓuya ba. Da ganga ta iso ya fito da kansa, ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu, ya rataya muciya, kuma yana sanye da yagaggiyar rigar nan ta wansa da ya ajiye shekara da shekaru. Ya ce wa makaɗi ya dakata. Sai ya fara: ya zama yarinya mai fitila, ya zama yaron da ya zo karɓar keke, ya zama shi kansa yana rawar baki. Daga nan ya zama suruki yana shan fura a gindin kuka yana cewa a jira, ya zama masinja yana murɗa babur da baki, ya zama mai rabon goro. Mata suka fito soro, tsofaffi suka riƙe ciki. Samarin da suka zo kama shi suka koma 'yan amshinsa. A daren nan dariyar ta bar kan gwauro ta koma kan suruki mai kwaɗayi, kuma kowa a wurin ya san suruki irinsa, wasu ma su ne.

Daga wannan shekara shi ke jan tashen garinmu. Idan 'yan kama suka zo bayan kaka, masu kwaikwayon karatun malamai suna mai da shi zancen tuwo da miya, yakan bi su kwana da kwanaki yana ɗaukar salo. Ya ɗauki saurin baki wurin 'yan gambara, amma ya bar musu batsa. Ana kiran sa biki a Gayawa da Zango da Kadawa, a sallame shi da damin dawa ko 'yan sulalla, kuma da wannan ya yi auren da ya zauna. Na taɓa tambayarsa, “Kawu, ba ka jin ciwo idan kana yin wasan surukin nan?” Ya ce, “Ina ji mana, ɗan nan. Ranar da na daina ji, ba wanda zai yi dariya.”

Shi ya sa da fim ɗin Hausa ya zo ban ɗauke shi baƙon abu ba. Mun riga mun saba da Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi daga Kaduna, da Ƙarƙuzu daga Jos. Fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kasuwar bidiyo ta buɗe, sannan ga Rabilu Musa Ibro. An haife shi a 1971 a Ɗanlasan ta ƙaramar hukumar Warawa, karkarar Kano irin tamu, ya yi shekara 8 yana aikin gandiroba kafin ya koma wasa gaba ɗaya. Wanda ya ga tashen ƙauye ya ga Ibron fim, ya san inda aka yanke masa cibi: jar hula, aljihu ba ko sisi, baki cike da alkawari, ya je zance da kayan aro asiri ya tonu, suruki ya biyo shi da sanda. Masu ilimi da yawa sun raina shi, suka ce shirme ne. Ni ban yarda ba. Talakan Kano ya ga kansa a cikinsa, ya ga an ɗauki abin da ke hana shi barci an sa shi a gaban jama'a ba tare da an tsine masa ba. An ɗaure shi wata biyu a 2008, zamanin da Abubakar Rabo ke shugabantar hukumar tace finafinai, kan fim ɗin Ibro Aloko, kuma da ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, na ga dattawan da ba su taɓa yarda suna kallon fim ba suna yi wa juna ta'aziyya.

Ba na so in wanke al'adar nan tas, don na ga ɓarnarta. Ba kowane gwauro ne kawuna ba. Na san mutumin da kan tsere birni ya kwana a rumfar kasuwa har Salla don kada a kama shi, matarsa kuwa rasuwa ta yi wurin haihuwa. Na ga mai hali da ya saki mata uku ya miƙo kuɗi ta kan katanga, ganga ta wuce gidansa. Igiyar ta fi sanin ƙugun matalauci. Kuma ba wanda ya taɓa kaɗa wa uban da ya sayar da alkawari ganga, sai da kawu ya sa shi a wasa. Duk da haka, a garin da ake kamun gwauro ba a mance da gwauro. Bayan Salla dattawa kan zauna su ce wane fa, an yi dariya, yanzu sai a nema masa. Wani ya ba da akuya, wani ya ce akwai 'yar ƙanwarsa da ta gama idda. Aure da yawa a garinmu daga bakin igiyar nan aka ƙulla su.

Yau Rijiyar Zaki da Bachirawa sun zama birni, gonakin da kawu ya yi gayya a cikinsu an yanka su fulotai. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Ungogo mutum 369,657, kuma kowa ya san an ninka gidaje tun daga lokacin. Saurayin da kakansa ke da gayauna, shi ko ita ba shi da ita. Yana tuƙa Adaidaita Sahun wani, yana biyan balas kullum, ana jiran sa da akwatunan lefe da kuɗin hayar ɗaki. Abin da dattawan unguwa ke yi da akuya ɗaya ya koma hannun gwamnati: Hisbah ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100 a 2012, aka yi na 1,111 a 2013, aka yi na 1,800 a Oktoban 2023. Tashen kansa, a 'yan shekarun nan rundunar 'yan sandan Kano ta sha sanar da hana shi, saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi su yi ƙwacen waya da sara. Ban ga laifin mai tsoron wuƙa ba. Amma a unguwarmu yanzu akwai samari da suka haura talatin ba aure, suna yin barkwancin rashin kuɗin zance a TikTok, mutanen Legas da Yamai suna dariya, maƙwabcinsu na jikin katanga kuwa bai san suna ciki ba, balle ya zauna bayan Salla ya ce a nema musu.