Jinin Asibi da allurar shawara

Idan an taɓa yi maka allurar rigakafin zazzaɓin shawara, wadda ake ba da katin nan mai ruwan ɗorawa a kanta, to abin da aka sa maka a jiki daga mutum ɗaya ya samo asali: Asibi, wani ɗan ƙasar Ghana.

A watan Yunin 1927 zazzaɓi ya kama shi. Likitocin Gidauniyar Rockefeller suka ɗibi jininsa suka sa wa birai, biran suka kamu. Asibi dai ya warke. Masu binciken ne ba su ji da daɗi ba: cutar ta kashe Adrian Stokes a Legas a 1927, ta kashe Hideyo Noguchi a Accra a 1928.

Ƙwayar cutar da aka samu a jinin nan ce Max Theiler ya yi ta reno a Amurka, cikin tsokar ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba, sau fiye da ɗari, har ta yi laushi. Tana koya wa jiki faɗa, amma ba ta kayar da mutum. A 1937 aka samu rigakafin 17D, a 1951 Theiler ya karɓi kyautar Nobel. Allura ɗaya ta ishe ka har ƙarshen rayuwa.

Amma fa kada ka saki jiki da damina. Sauron Aedes mai yaɗa shawara da rana yake cizo, lokacin gidan sauronka na naɗe, kuma shi ne ke ɗauke da zazzaɓin denge, wanda allurar nan ba ta hanawa. Nan sai man shafawa mai sinadarin DEET, da rufe randa, da zubar da ruwan da ya kwanta a tsohuwar taya.