Girma ko haihuwa: Yadda kifi ke raba abincinsa

Masu kiwon kifi a Danko da sauran garuruwan masarautar Zuru a jihar Kebbi kan gamu da wata matsala: a zuba karfasa a tafki, a yi watanni ana ba ta abinci, amma ranar kamu sai a tarar da dubban ƙananan kifaye da ba su da daraja a kasuwa.

Masana halittun ruwa sun ce sau da yawa laifin ba na abincin ba ne. Duk abin da kifi ya ci, bayan wanda ya ƙone wajen numfashi da iyo, yakan tafi ɗayan wurare biyu ne: gina tsoka ko samar da ƙwai. Abin da ya tafi wajen ɗaya, ɗayan ya rasa shi.

Darasi daga teku

Ɗaya daga cikin halittun da masana suka yi nazarin wannan rabo a kansu ita ce sikwid, wadda ke rayuwa a teku kawai. Jikinta taushi gare shi, ba ta da ƙashi, kuma tana da hannaye takwas da wasu dogaye biyu na cafke abinci.

Yawancin nau'o'inta ba sa wuce shekara ɗaya a duniya, ciki har da waɗanda ake kamawa da yawa a tekun Japan da gaɓar Ajantina. A farkon rayuwarta kusan duk abin da ta samu girma yake tafiya. Nau'in da ke gaɓar Peru kan kai kilo 50 cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Da zarar lokacin haihuwa ya gabato sai lissafin ya sauya. Wasu nau'o'in kan ci gaba da farauta, suna yin ƙwai daga abin da suka ci, suna zubawa kashi-kashi. A wasu kuwa, macen kan narkar da tsokar jikinta ta mayar da ita ƙwai, har ta rame, sa'annan ta mutu jim kaɗan bayan ta zuba.

Karfasa a tafki

Irin wannan lissafi ne ke faruwa a tafkunan kiwo, sai dai ita karfasa ba ta mutuwa bayan haihuwa.

A manyan ruwaye kamar tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a shekarar 1968 kuma ya miƙe har zuwa Yawuri, karfasa kan yi girma sosai kafin ta fara ƙwai.

Amma a ƙaramin tafki takan balaga cikin watanni biyar zuwa shida, wani lokaci ma tun ba ta kai tafin hannu ba.

Macen kan ɗauki ƙwayayenta a baki har su ƙyanƙyashe, kuma a tsawon mako ɗaya zuwa biyu da take wannan reno kusan ba ta cin komai. Bayan 'yan makonni sai ta sake yin wasu ƙwan.

Sakamakon haka uwar ba ta girma, 'ya'yan kuma su cika tafkin suna rububin abincin da aka tanada domin manya. Ganin cewa abinci ne ke cinye fiye da rabin kuɗin da mai kiwo ke kashewa, wannan hasara ce babba.

Mafita

Hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce kiwon maza zalla, domin namijin karfasa ya fi macen saurin girma, kusan ninki biyu. Ana iya ware su da hannu, ko kuma a sayi 'ya'yan da aka riga aka mayar maza ta hanyar gauraya musu wani sinadari a abinci a makonninsu na farko.

Wasu kuma kan zuba tarwaɗa kaɗan a tafkin domin ta riƙa cinye ƙananan da aka haifa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Bussa a jihar Neja na daga cikin wuraren da ake horas da manoma kan irin waɗannan dabaru.

Ita tarwaɗa halinta daban ne. A daji takan jira damina, lokacin da ruwa ya malala cikin fadama, kafin ta zuba ƙwai. A tafkin kiwo kuwa ba kasafai take haihuwa da kanta ba, sai an yi mata allura a wuraren ƙyanƙyasa.

Wannan na cikin dalilan da suka sa tarwaɗa ta mamaye harkar kiwon kifi a Najeriya.

Shawarar da masana ke bai wa mai kiwon karfasa ita ce ya san jinsin abin da ya zuba tun ranar farko, ya kuma kwashe kifinsa kafin haihuwa ta kankama.