AIKI BA DON LADA BA: YADDA WATA KOYARWAR HINDU TA ISO KANO

Abin da za mu bincika a wannan takarda shi ne tarihin wata koyarwa ta mabiya addinin Hindu, da hanyoyin da ta biyo har ta taɓo birnin Kano, da irin kalmomin da ta tarar a bakin Hausawa. Koyarwar kuwa ita ce mutum ya yi aikin da ya wajaba a kansa, ya cire ransa daga abin da aikin zai haifar masa. Duk wanda ya tashi juya wannan magana da Hausa, abin da zai fara zuwa bakinsa shi ne “aiki don Allah”. Nufinmu mu nuna cewa wannan fassara rabin maganar ta kama, kuma malamin da ya ba ɗalibansa ita haka nan ya tauye addinin Hindu, ya kuma tauye Musulunci.

I. Asalin koyarwar

Littafin da ya fi bayyana ta shi ne Bagabad Gita, wanda a ke taƙaita sunansa a ce Gita. Waƙa ce da harshen Sansikirit, baiti 700 cikin babi 18, tana cikin kashi na shida na doguwar waƙar nan Mahabarata. Yawancin masana sun sa tsara ta cikin ƙarnukan da ke gab da haihuwar Annabi Isa, ko bayanta kaɗan. Labarin da ke ciki shi ne 'ya'yan wa da ƙane sun ja daga a filin Kurukshetra saboda gadon sarauta. Arjuna, barden ɓangare ɗaya, ya duba rundunar abokan gaba ya ga malamansa da danginsa, sai gwiwarsa ta yi sanyi, ya ajiye baka ya ce ba zai yi yaƙi ba. Mai riƙe masa linzamin keken yaƙi, watau Kirishna, wanda Hindu ke ɗauka abin bauta ne cikin siffar mutum, shi ya yi ta ba shi amsa har ƙarshen littafin.

Amsar tana bisa ginshiƙi uku. Na fari, babu mai rai da zai iya barin aiki ko da ƙiftawar ido, saboda haka gudun aiki ba tsira ba ne. Na biyu, abin da ke ɗaure mutum shi ne kwaɗayin sakamako. Kalmar da su ke kiran aiki ita ce karma, sakamako kuwa phala, watau 'ya'yan itace, masu sharhi kuma suka raɗa wa koyarwar suna nishkama karma, ma'ana aiki ba tare da sha'awa ba. Dalilin wannan yana cikin aƙidarsu cewa rai yana mutuwa yana sake haihuwa, kuma duk aikin da aka yi da buri, mai kyau ko mummuna, sai ya jawo mai shi ya dawo duniya ya girbe shi. Har gidan ni'ima ma a wurinsu ba madawwami ba ne: babi na 9 ya nuna cewa wanda ya shige shi da ladan hadayarsa, in ladan ya ƙare sai ya komo. Ginshiƙi na uku shi ne dharma, watau wajibin da ke kan kowa gwargwadon matsayinsa. Babi na 18 ya rarraba ayyuka ga jinsi huɗu: malaman addini, da mayaƙa masu mulki, da manoma da makiyaya da fatake, sa'an nan masu yi wa sauran hidima. Arjuna ɗan gidan yaƙi ne, don haka yaƙi ne wajibinsa. Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, gama ya san ɗan gado ya san ɗan haye cikin sana'a. Mu riƙe wannan ginshiƙi, za mu komo kansa.

II. Hanyar littattafai

Musulmi sun daɗe da sanin Gita. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya koyi Sansikirit, ya kuma kawo maganganu daga cikinta a littafinsa na bayanin ƙasar Hindu wanda ya kammala wajen 1030. Sarki Akbar ya sa an fara juya Mahabarata da Farisanci a 1582. A ƙarni na 17 wani Basufe mai suna Abdurrahman Chishti ya yi wa Gita sharhi bisa fahimtar Sufaye. Turawa kuwa sai a 1785 suka same ta da Ingilishi, ta hannun Charles Wilkins.

Amma wannan hanya ba ta ɓullo Kano ba. Karatun zaure a unguwanni irin su Koki da Madabo na fiƙihu ne da tauhidi da tafsiri da lugga da tasawwufi, daga Ahalari da Ishmawi zuwa Risala da Askari, littafin al-Biruni ba ya cikin waɗanda a ke bi. Farisanci kuma ba harshen karatu ba ne a ƙasar Hausa.

III. Hanyar kanti da majigi

Hanya ta biyu ta buɗe ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Attajiran Hindu mutanen Sind suka kafa kantuna a garuruwan bakin teku, kamar gidan Chellaram da ya zauna Ikko a 1923, daga baya suka miƙo Arewa. Amma tsarin zaman Kano a zamanin Turawa ya ajiye baƙi a bayan ganuwa. Fataken Koki da Sarari, inda Alhasan Ɗantata ya zauna har rasuwarsa a 1955, harkarsu da baƙin waje ta gyaɗa ce da yadi da lissafi. Hindu kuma ba masu yawon wa'azi ba ne. Aka yi zaman ciniki, kowa da addininsa a gidansa.

Abin da kanti bai kawo ba majigi ya kawo. An buɗe gidan silima na Rex a 1937, na Palace kuma a Jakara cikin birni a 1951, bayan gardama mai zafi da malamai. Daga shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da finafinan Indiya, suka kuwa karɓu ƙwarai. Wanda ya fi daɗewa a zukatan mutane shi ne Mother India na 1957, wanda har cikin shekarun 1990 ana nuna shi a Kano. Labarin wata mace ne da mijinta ya bar ta da 'ya'ya da bashi, ta yi noma da hannunta, ta ƙi sayar da mutuncinta ga mai ba da rance, daga ƙarshe ta harbe ɗanta na cikinta sa'ad da ya sace 'yar mutane. Wannan ita ce matsalar Arjuna, wajibi a hannu ɗaya, jini a ɗaya hannun. Sai dai abin lura, Mehboob Khan da ya shirya fim ɗin Musulmi ne, kuma abin da 'yan kallo na Kano suka gani haƙuri ne da kunya da tsare mutunci, halayen da su ke yabo tun fil azal. Hoton ya ƙetaro, aƙidar da ke bayansa ta tsaya can.

IV. Hanyar Gandi

Hanya ta uku ita ce ta siyasa, ita ce kuma ta fi barin gurbi. Gandi ya fara karanta Gita ne yana ɗalibin shari'a a Landan wajen 1889, cikin fassarar Ingilishi ta Edwin Arnold. Daga baya ya juya ta da harshensa na Gujarati, aka buga a 1930, shekarar da ya yi tattakin gishiri na kwana 24 zuwa bakin teku. A fahimtarsa filin dagan nan zuciyar ɗan Adam ce, kuma wanda ya cire kwaɗayin sakamako ba shi da sauran dalilin ƙarya ko zub da jini. Ba dukan Hindu suka yarda da shi ba. Tilak, a sharhinsa na 1915, ya ɗauki littafin kira ne zuwa ga fafutuka. Wanda ya harbe Gandi ran 30 ga Janairu 1948 ya kafa hujja a gaban alƙali da misalin Kirishna da Arjuna. Ambedkar kuwa, jagoran waɗanda a ke ƙyamar taɓawa, ya soki Gita da cewa kariya ce ga tsarin fifikon haihuwa.

Malam Aminu Kano yana karatun malanta a Landan a 1946 zuwa 1947, daidai lokacin da Indiya ke karɓar mulkin kai, kuma sananne ne cewa halin Gandi da hanyarsa sun shige shi. Ya bar aikin koyarwa a Maru a 1950, shekarar da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano ran 8 ga Agusta, ya zama shugabanta a 1953. 'Yan jam'iyyar sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, shi kuwa kiransa na ilimi ne da ƙuri'a da haƙuri. Ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya daga 1967 zuwa 1974, ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983 a gidansa na Gwammaja bai tara dukiya ba.

To, a nan ne ginshiƙi na uku ya ke da amfani. Malam Aminu ya ɗauki sauƙin rayuwa da ƙin tashin hankali da jure hasara, amma dukan gwagwarmayarsa a kan rushe ra'ayin da ke cewa haihuwa ita ke yanke wa mutum matsayi ta ke. Ta wannan fuska ya fi kusa da Ambedkar bisa ga Kirishna. Hujjojin da ya ke kawo wa talakawa kuma daga Alƙur'ani su ke da littattafan Shehu Usmanu da Abdullahi na Gwandu, gama shi ɗan gidan malamai ne, mai tafsiri. Watau abin da ya iso Kano ta wannan hanya an tace shi sau biyu, Gandi ya tace, Malam Aminu ya sake tacewa.

V. Kalmomin da ta tarar

Yanzu mu komo ga harshe. Babban ƙamus na Bargery da aka buga a 1934, wanda Alhaji Mahmudu Koki na cikin malaman da suka yi wahalar tattara shi, ya nuna yadda kalmomin Larabci suka cika fagen addini da ɗabi'a a Hausa. Cikin irin waɗannan akwai niyya, da ihlasi, da riya, da tawakkali, da zuhudu. Almajiri yakan fara Arba'una Hadisi da hadisin niyya, ya kuma ji a wa'azi cewa riya tana ɓata aiki. Har nan Bahaushe da mai karanta Gita sun yi daidai: kada a yi aiki don yabo ko don abin hannun mutane, a yi iyakar ƙoƙari a bar wa Mai Sama sauran.

Inda suka rabu shi ne kalmar lada. Da ita a ke kiran abin da a ke biyan maɗinki ko ɗan dako, da ita kuma a ke kiran sakamakon Lahira. In Bahaushe ya ce ya yi abu don Allah, ya yafe lada na fari ne domin ya sami na biyu, addininsa kuwa ya yabe shi a kan haka, tun da ya ke mutuwa ɗaya ce, hisabi ɗaya, Aljanna kuma madawwamiya. Karin maganarsa ma sun tafi a kan haka: alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza, alheri gadon barci ne, don tuwon gobe a ke wanke tukunya. Gita kuwa ladan biyu ta ce a saki, domin a ganinta kowannensu igiya ce mai komo da rai duniya. Waɗanda suka fi kusantar ta cikin Musulmi su ne Sufaye, irin su Rabi'atu al-Adawiyya ta Basra, wadda aka san ta da bauta don ƙauna tsantsa ba don tsoron Wuta ko begen Aljanna ba, da Ibn Ata'illah mai Hikam, wanda ya fara littafinsa da gargaɗi kan dogara ga aiki. Duk da haka su ba su musanta Aljanna ba, ba su kuma san sake haihuwa ba.

Malamin da ke son kusanto da matsalar Arjuna ga ɗalibansa yana da misali a cikin ganuwar Kano. Wajen 1807, jihadi yana tsakiya, Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga wasu abokan yaƙinsa sun karkata ga ganima da sarauta, ransa ya ɓaci, ya bar runduna da nufin tafiya Makka, kamar yadda ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati. Da ya iso Kano mutane suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami kan yadda a ke mulki bisa shari'a, ya karantar da tafsiri, sa'an nan ya koma ga jama'arsa. Shi da Arjuna duk sun so janye jiki, duk kuma sun komo ga aiki. Amma Arjuna ya komo ne domin gadonsa yaƙi ne, Abdullahi kuwa domin ilimi ya ɗora masa nauyin gyara.

Saboda haka shawararmu ga masu koyarwa da masu fassara ita ce a bar wa ihlasi “aiki don Allah”, a kira koyarwar Gita “aiki ba kwaɗayin sakamako”, a kuma bayyana wa ɗalibi tun farko cewa sakamakon da a ke nufi ya haɗa har da na bayan mutuwa. In ya riƙe wannan, zai gane abin da Gandi ya karanta, ya gane abin da Malam Aminu ya ɗauka a wurinsa da abin da ya bari.