Gora da Kacala: Tarihin Tsoron Ruwa a Kwarin Haɗeja

An daɗe ana cewa wai Bahaushe mutumin tudu ne, shi da ruwa sai wanka da alwala. Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja ya san wannan magana ba ko'ina ta ci ba. Kogin Kano da na Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya gangaro ta Wudil da Ringim, ya ratsa ƙasar Auyo, yana wuce garin Haɗeja sai ya rarrabu cikin fadamu da tafkuna har Guri da Nguru, kafin ya gamu da ruwan Jama'are a wajajen Gashuwa su nufi Tafkin Chadi. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulanin da suka zauna wannan kwari ba su taɓa samun damar gudun ruwa ba, domin kowace damina shi ne yake zuwa ya same su har ƙofa. Abin da tarihin wurin yake nunawa shi ne tsoron ruwa da iya ruwa tare suka tashi, ɗaya yana riƙe da ɗaya. A cikin shekaru hamsin da suka wuce ne aka raba su. Wuraren koyon iyo suka tsuke, tsoron ya rage shi kaɗai, kuma shi kaɗai ɗin ba ya fitar da kowa daga ruwa.

Kafin a gina madatsu, kogin yana da ƙa'ida, kowa kuma ya san ta. Ruwa ya kan fara isowa tsakiyar damina, ya cika ya batse a watannin Agusta da Satumba, ya malale fadamar da a shekara mai kyau takan haura murabba'in kilomita 2,000, sannan ya janye a hankali. Manomi ya girbe shinkafarsa, ya bi laimar da wake, Bafulatani ya shigo da shanu, kogin kansa kuma ya tsinke ya zama gurabe a nan da can a cikin yashi. Ga mai koyon ruwa babu makarantar da ta fi wannan. Ruwan da yake janyewa yana barin fili mai faɗi marar zurfi, ƙasansa yashi, babu igiya mai ja. Yaron da ya fara da ruwa iya idon sawu yana kama ƙananan kifi da hannu, baɗi ya shiga iya gwiwa, wata shekara iya ƙirji, yayyensa na kusa suna masa dariya suna kuma sa masa ido. Ba a taɓa jefa shi cikin abin da ya fi ƙarfinsa a rana ɗaya ba. Tsoro yana gushewa ne ta wannan hanyar, domin jiki ne yake koyo, kuma jiki ba ya yarda da lallashi sai da maimaici.

Kayan aikin da ya ɗauki nauyin wannan ilimi shi ne gora. Babban duma ne mai ƙaramin baki, a busar da shi, a rarake cikinsa. Masunci ya kan kwanta a kansa rub da ciki, ƙirjinsa a kan gora, ƙafafunsa suna tuƙi a baya, hannuwansa biyu suna riƙe da koma, in ya kama tarwaɗa ko ƙarfasa ya jefa ta bakin goran ya ci gaba. Abu ɗaya ya zama masa jirgi da jaka da abin ceto. Ɗan masunci da aka ɗora a kan gora yana gano babban sirrin iyo ba tare da an yi masa bayani ba: in ka kwanta ka saki jiki ruwa yana ɗaukar ka, in ka miƙe tsaye kana fafutukar ɗaga kai shi ne kake nutsewa. Daga nan sai a koya masa tsoma fuska, da fitar da numfashi a cikin ruwa, da nutso don lalube ƙasan gurbi. Haka nan da duma ake fito. Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda ya ratsa Borno da ƙasar Hausa tsakanin 1850 da 1855, ya bayyana yadda ake haye Komadugu, wato ƙarshen wannan ruwa namu, a kan manyan ƙore da aka haɗa da itace, masu fito suna iyo suna tura kaya da mutane zuwa wancan ƙetare.

To ina tsoron ya shigo? Yana nan tun farko, kuma da aikinsa. Ƙauyukan bakin ruwa suna da Sarkin Ruwa, shi ne yake rufe gurbi ya hana shiga, shi ne kuma yake buɗewa ranar su, jama'a su faɗa gaba ɗaya, kamar yadda har gobe ake gani a bikin kamun kifi na Badawa a Gorgoram. Labaran aljanun ruwa da na gurbin da yake cin mutum kowace shekara, da gargaɗin kada yaro ya je kogi da tsakar rana ko da almuru, duk suna kewaye da wannan iko. Mai ilimin zamani ya kan yi musu dariya, mai wa'azi ya kira su camfi, amma in aka duba wuraren da aka fi jingina wa aljanu sai a ga su ne masu zurfi da juyi, ko makwancin kada da dorina, lokutan da aka hana kuma su ne lokutan da babu babba a bakin ruwa. Tsoron na dā taswira ne. Yana faɗa wa yaro inda zai shiga da inda ba zai shiga ba, kuma bakin da ya tsoratar da shi, shi ne zai koya masa.

Ba za a ce kowa a ƙasar Haɗeja ya iya ruwa a wancan zamani ba. Iyo ya zauna ne a matsayin gado, a gidajen masunta da masu fito, sai kuma yaran ƙauyukan da ruwa yake kewayewa. Cikin ganuwa wani abu daban ake ji da shi. Sunan da Haɗeja ta yi tun zamanin Sarki Sambo, da zamanin Buhari wanda ya gagari Sakkwato har rasuwarsa a 1863, har zuwa ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada a hannun Turawa a watan Afrilun 1906, suna ne na doki da takobi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umarni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Manyan ƙasar Hausa sun riƙe biyu da hannu bibbiyu, suka bar na farkon ga talaka mai ƙarnin kifi. Wannan rabo bai yi ɓarna sosai ba muddin mutumin gari yana kan tudu, kuma in zai haye kogi akwai gwani a gefensa yana tura masaki.

Daga farkon shekarun 1970 komai ya soma sauyawa. Fari ya yi tsanani daga 1972 zuwa 1974, a shekarar 1974 ɗin aka kammala madatsar Tiga, a 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, a 1992 madatsar Challawa ta biyo baya, ga kuma shingen ruwa na aikin noman rani a ƙasar Auyo. Malalar damina ta ragu ƙwarai, a shekaru da yawa ba ta kai rabin ta dā ba. Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne kogin ya daina ƙafewa da rani, saboda ruwan da ake saki daga madatsu. Ruwa marar zurfi da ba ya bushewa shi ne abin da ciyawar kacala take so. Ta bazu ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, yawancin ruwan ya karkata ta Marma zuwa Nguru, wasu rassan suka mutu, tsuntsayen jan-baki suka samu masauki suna cinye hatsi. An yi rubuce-rubuce da yawa a kan asarar manoma da masunta, amma akwai wata asarar da ba a cika ambata ba. Bakin ruwa mai yashi inda yaro zai taka ya shiga sannu a hankali ya zama dajin ciyawa da ta fi mutum tsawo, ƙasanta taɓo da saiwa mai riƙe ƙafa. Ruwan da ya ƙaru a ƙasar kuwa na wani iri ne: magudanan noman rani masu gangaren gefe da ruwa mai gudu, da kududdufan da masu aikin titi da masu bulo suka haƙa suka bari, waɗanda taku ɗaya ne tsakanin iya gwiwa da abin da ya shanye kai. Babu Sarkin Ruwan da yake kula da irin waɗannan.

Uwar da ta hana ɗanta zuwa irin wannan ruwa tana da gaskiya. Matsalar ita ce hanin ya ginu ne a kan zaton ruwa zai tsaya inda yake. Ambaliyar 2012 da 2018 da 2020 ta nuna ba haka ba ne, ta 2022 kuma, wadda ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. A Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri, in ruwa ya yanke hanya kwale-kwale ne motar kowa, mai zuwa kasuwa da mai naƙuda da ɗan makaranta. Abin da ya faru a Bagwai ta jihar Kano ranar 30 ga Nuwamban 2021 ya isa misali: jirgi ya kife a madatsar Watari ɗauke da mutanen ƙauyen Badau, galibinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla mutum 29 suka rasu. Waɗannan yara ba wasa suka je yi a ruwa ba, ba su kuma saɓa umarnin kowa ba.

Za a ce ai gwanin ruwa shi ruwa ke ci. Akwai gaskiya a ciki, domin saurayin da ya iya ɗan iyo shi ne zai ce zai haye kogi ranar da ya kawo, don abokai su gani. Amma wannan hujja ce ta a gyara abin da ake koyarwa. Bangladesh ƙasa ce ta Musulmi, ta fadama da ambaliya, kuma ruwa yana cin yaranta fiye da kima. Shirin SwimSafe da aka fara a can a 2006 bai nemi fitar da zakaru ba. A tafkin ƙauye ake kafa shinge da dandamali na itacen gora, matasan ƙauyen su koya wa yaro iyon mita 25, da tsayawa a saman ruwa na daƙiƙa 30, da yadda zai ceci wani daga tudu da sanda ko igiya ba tare da ya faɗa ba. Wannan na ƙarshe ya dace da abin da Hausawa suka sani, cewa wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa zai kama, shi ya sa mai ceto marar horo ya kan zama gawa ta biyu. Binciken da aka buga a 2012 ya nuna mutuwa a ruwa ta ragu matuƙa a cikin yaran da suka shiga shirin. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa ruwa ya ci kusan mutum 300,000 a 2021, tana ba da shawarar irin wannan horo ga yara daga shekara 6. 'Yan ƙasa da haka ba iyo ne maganinsu ba, sai ido da shinge da murfin rijiya. A wurinsu tsoron iyaye ya tsaya yadda yake.

Ƙorafin tsargiya ya fi wancan nauyi. Fitsarin jini tsohon ciwo ne a wannan kwari, dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar cutar kuma yana son ruwa kwantacce mai ciyawa, irin wanda kacala ta yawaita. Likitan da ya ce a nisanta yara da tafki ba shirme yake ba. Sai dai yaran fadama suna cikin ruwan nan ko an koya musu ko ba a koya ba, wajen wanki da shayar da dabbobi da dashen shinkafa, kuma tsargiya tana da magani mai araha da ake rabawa a makarantu, nutsewa kuwa mintuna kaɗan ne. Wurin koyo da aka share ciyawarsa, aka haɗa shi da rabon magani, ya fi abin da ake ciki yanzu ta kowace fuska. Batun 'ya'ya mata ma yana warwaruwa in an so: mata su koya wa mata, a keɓe, cikin sutura. Su ne suka fi zama baƙi a ruwa, kuma su ne suke zaune a tsakiyar kwale-kwale da goyo.

Masu cewa laifin na lodin da ya wuce kima ne, da ruɓaɓɓun jirage, da rashin rigar ceto, da yadda ake sakin ruwan madatsu, duk sun faɗi daidai, kuma babu iyon da zai wanke hukuma daga nauyinta. Amma yashe kogi da nome kacala aiki ne na injuna da kasafin kuɗi, ana farawa ana tsayawa. Koyar da yara kuwa malamansa suna nan. Masuntan da suke cika kasuwar kifi ta Haɗeja da banda har yanzu suna hawa gora, sarautar Sarkin Ruwa ba ta mutu ba, makarantun allo da na boko suna tara yara kowace safiya a garuruwan da ke bakin ruwa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, sa'ad da ruwa ya janye ya lafa, kafin sanyin hunturu ya kankama, ko kuma da bazara kafin kogi ya kawo. Abin da ya rage shi ne masarauta da ƙananan hukumomi su yarda cewa ilimin masunci ilimi ne da ya cancanci a biya mai shi, a ware masa wuri, a kuma miƙa masa 'ya'yan mutanen gari.