Aska ko Haƙuri: Tarihin Wata Gardama a Kan Jinin da Ya Zuba a Ƙwaƙwalwa

Tun kafin Turawa su shigo Kano a 1903, birnin yana da masu riƙe da aska. Wanzami ne ke yin kaciya, shi ke cire beli, shi ke tsaga maruru, shi ke kafa ƙaho a gadon baya ko a ƙeya ya zuƙo jinin da ake kira matacce. Hikimar sana'arsa a taƙaice take: jinin da ya lalace ba a barin sa a jiki. Amma askar wanzami tana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ƙoƙon kai. Idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a zaure, baki ya karkace, ɓari guda ya shanye, sai a ce iska ce ta buge shi. A shimfiɗe shi a ɗaka, a kawo rubutu da turare da man shafawa, a jira abin da Allah zai yi. Ashe hanyoyi biyun da likitocin duniya suka shafe shekaru suna jayayya a kansu, wato a buɗe a kwashe ko a lallaɓa a jira, tuni suna zaune a lunguna ɗaya a cikin ganuwa, sai dai ba su taɓa karo a kan majinyaci guda ba.

Asibitin cikin gari da aka gina kusa da Ƙofar Mata a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, ya kawo fiɗa irin ta zamani, amma bai sauya wannan lamari da wuri ba. Likitan wancan lokaci ba shi da idon da zai leƙa cikin kai. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe jini ya kasa wucewa, ko ta fashe jini ya malala ya daskare yana danne ƙwaƙwalwa. A ido kusan kamarsu ɗaya, maganinsu kuwa hannun riga ne. Ƙasar nan ma ba ta sami sashen tiyatar ƙwaƙwalwa ba sai da Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa shi a Badun a 1962, kuma tsakanin Badun da Kano ba tafiyar mai jini a ka ba ce.

A Landan aka fara auna gardamar da ma'auni. A 1961 Wylie McKissock da abokan aikinsa suka raba majinyata 180 gida biyu, aka yi wa wasu fiɗa, aka kula da wasu a gado. Fiɗar ba ta nuna fifiko ba. Masu goyon bayanta suka ce ai a duhu aka yi aikin. Suna da hujja, domin sai a 1971 na'urar CT ta Godfrey Hounsfield ta ɗauki hoton kan majinyaci na farko, a asibitin Atkinson Morley, inda shi McKissock ɗin ya yi aiki. Daga nan likita ya iya ganin gudan jinin, girmansa da mazauninsa. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare: tunda ga shi ana gani, sai a cire.

Ba ta ƙare ba. David Mendelow na Jami'ar Newcastle ya jagoranci gwajin da ake kira STICH, aka buga sakamakonsa a 2005. Majinyata 1,033 ne daga asibitoci 83 a ƙasashe 27. Bayan wata shida, kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa fiɗa da wuri ne suka farfaɗo da kyau, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 24. Ratar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Aka sake gwaji a 2013 da mutum 601 waɗanda jininsu ya taru kusa da saman ƙwaƙwalwa, nan ma ribar ba ta fito fili ba. Dalilin yana da sauƙin fahimta. Yawancin ɓarnar tana aukuwa ne a sa'o'in farko, kuma kafin likita ya kai ga jinin da ya taru a can ciki, dole ya keta naman ƙwaƙwalwa mai lafiya. Garin neman gira ana iya rasa ido.

A nan nake ganin mutane da yawa suna karanta tarihin a karkace. Na sha jin ana cewa a majalisun unguwarmu, ai Turawa da kansu sun gano fiɗar kai ba ta da amfani, gara a bar mutum a gida. Ba haka gwajin ya ce ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ware domin kulawa a gado, daga baya an shiga da su ɗakin tiyata da jikinsu ya rikice. Haƙurin da ake nufi haƙuri ne na mai tsaro a bakin ƙofa: ana sauke hawan jini, ana duba numfashi da haɗiya, ana juya majinyaci kada ya yi gyambon kwanciya, likitan fiɗa kuma yana kusa. Sannan akwai inda ba a jayayya. Idan jini mai yawa ya taru a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, daidai wurin da wanzami ke kafa ƙahonsa daga waje, jinkiri yana iya zama ajali. A 2024 kuma wani gwaji na Amurka mai suna ENRICH, da majinyata 300, ya nuna cewa zuƙe jinin ta ƙaramar kafa cikin awa 24 yana taimakon waɗanda nasu ya taru kusa da sama. Na kan yi murmushi idan na tuna wannan, domin bututu ne ake zurawa a tsotse, kamar dai ɗan'uwan ƙaho da ya yi karatu mai zurfi.

Kano ta yau tana da abin da kakanninmu ba su yi mafarki ba. An kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988, kuma yanzu akwai likitocin ƙwaƙwalwa da na'urar hoton kai a garin. Amma gardamar Newcastle tana farawa ne bayan an ɗauki hoton, tamu kuwa tana farawa tun daga soro. Mota ba ta shiga yawancin lungunan Yakasai ko Mandawari, sai a ɗauko mutum a hannu zuwa bakin titi a tsayar da Adaidaita Sahu. Kafin nan an jira babban ɗa ya taso daga kasuwar Kurmi, an ɗura wa wanda ba ya iya haɗiya ruwa, wani ya miƙo asfirin alhali idan jijiya ce ta fashe ƙara zubar jinin zai yi. Sai a zo kan kuɗin hoto, a yi karo-karo tsakanin 'yan'uwa. Sau da yawa ranar da likita zai zauna da iyali ya tambaye su ko sun amince a buɗe kan mahaifinsu, kwana biyu ko uku sun shuɗe da faɗuwarsa, awa 24 ɗin da aka yi gwajin Amurka a cikinta ta wuce tun yana kwance a kan tabarma.