Shara Mansur da gyarana na farko a Wikipedia

Nan sanyi ya kankama, ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ɗakin karatu ya zama gidana.

Makon jiya na yi rajista a Wikipedia ta Hausa, kundin nan na intanet da aka fara da Turanci a 2001, wanda kowa ke iya sa hannu a ciki. Na ce bari in fara da abin da na sani, wato Shara Mansur, unguwar 'yan uwanmu a Makka. Sai na zuba labarin da Kaka ke ba mu na yayarta, wadda ta bi ayarin alhazai da ƙafa ba ta dawo ba. Kafin gari ya waye wani edita ya cire shi, ya bar mini saƙo cikin ladabi: ina madogara? Na ji zafi, ba zan ɓoye muku ba. Amma da gaskiyarsa. Ƙa'idar wurin ita ce sai abin da aka riga aka wallafa, "kakata ta ce" ba ya shiga.

Shi ya sa na koma ga littattafai, har na samo na J. S. Birks na 1978 a kan hanyar hajji ta ƙasa. Ashe kalmar Takari da muke ji kamar gori daga Takrur take, tsohuwar daula a bakin kogin Senegal, Larabawa suka yafa sunan ga duk wanda ya fito daga yammacin Afirka. Mutanenmu sun daɗe suna bin hanyar, amma ta ƙara cika daga 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas, suka kafa garin Mai Wurno a Sudan.

Ku dubi tafiyar: Borno, Fort Lamy wadda yau ake kira Njamena, Darfur, har Suwakin, sannan a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Shekaru ake yi. Guzuri ya ƙare a tsaya ƙwadago, bayan 1925 galibi a gonakin audugar Jazira, a yi aure, a haihu, a sake ɗaukar kaya. Wanda ya sha wannan ya ga Ka'aba, da wuya ya juya. Jikokinsu ne masu sunan Hausawi, Fallata da Barnawi. Usama Hausawi, kyaftin ɗin Saudiyya a gasar kofin duniya ta 2018, haifaffen Makka ne. (Yaya, sirye ɗin da ka ce ka ci a Shara Mansur, ai tsirenmu ne ya sake suna.)

Jiya na sake rubutawa da madogara, kuma yana nan ba a taɓa ba. Sai dai yayar Kaka ba ta ciki, littattafan ba su san ta ba.

Don haka Baffa, don Allah a zauna da Kaka ranar Juma'a a naɗi muryarta a waya: wace shekara suka tashi, su wa ke cikin ayarin, wa ya kawo labarinta na ƙarshe. Ni zan rubuta in nemi inda za a wallafa. A gaishe ta ƙwarai, a ce mata rigar sanyin da ta sa aka saya mini tana aiki.